Mai Jan Ruwa, Mai Shan Laka

Bana da rani aka rufe tsohuwar rijiyar garinmu. Magina suka zo daga Agiye da buhunan siminti suka zuba mata murfi, wai kada yara su faɗa, tunda yanzu ga shato, dogon tankin ruwa, can tsaye bayan lakol, makarantar boko, rana na ba shi wuta, shi kuma yana tura ruwa cikin pampo. Abin da ya tayar mini da hankali daga baya ya zo, a gindin gawon da mu tsofaffi ke zama bayan la'asar. Muna kallon mata da yara suna ture-ture a bakin pampo, jarkokin da ake ce wa bido na karo da juna, sai wani sa'ana ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki zamanin da. Can tsohuwar rijiya ba ka ganin wanga hauka. Akwai jeri, kowa ya san matsayinshi." Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Ni dai na lalubi sandata na miƙe ba sallama. Mutumin nan ɗan tsohon Maigari ne, tare muka yi ƙuruciya, kuma ba mugu ba ne. Amma da na ƙara zama kaɗan, da na faɗi abin da zai ɓata zumunci, sai na taho gida da maganar cikin bakina.

Jerin nan da yake yabo, na san shi tun ban san dama da hagu ba. Kakata ce ta fara karanta mini shi, tana zaune bakin ɗakinta tana kaɗi. Ta ce duk abin da Allah ya halitta a jere yake, hawa-hawa, kamar tsanin rumbu. Can ƙoli annabawa da mala'iku, ƙarƙashinsu waliyyai da malamai, sai sarakuna, sai talakawa. Daga nan a gangaro wajen dabbobi, su ma ba a yamutse suke ba: doki ne a gaba, raƙumi na bin sa, sai saniya, sai tunkiya, sai akuya, jaki kuwa yana can ƙasa, kare kaɗai ya ɗara. Bayan su tsuntsaye da ƙwari, sannan itatuwa, gawo da tsamiya a sama, anza da tumfafiya a gindi, ƙarshen duka dutse da ƙasar da kowa ke takawa. Da waƙa-waƙa take faɗinsa, kuma ba zan yi ƙarya ba, yana yi mini daɗi. Sai in ji duniya ta zama kamar gidan da aka share, kowane abu yana inda aka ajiye shi. Nakan ƙure ta da tambaya, in ce kunama da kiyashi wa ya fi, ko zabo da kaza, ba ta taɓa rasa amsa ba. Ran nan na ce, "To mu fa, Kaka?" Mu Bugaje ne. Kakanninmu daga arewa suka gangaro suna bin raƙuman da ba nasu ba, aka bar su nan tsakanin Gazawa da Agiye, suka kama hauya suka zama manoma. Harshen arewa ya gudu daga bakinmu, rawani da amawali kaɗai suka saura a fuskar mazanmu. Kaka ta tsayar da mazari ta dube ni, ta ce, "Muna cikin ɗakin mutane, ɗan nan. Amma kusa da ƙofa." Na yi dariya, don a lokacin na ɗauka kusa da ƙofa wurin shan iska ne.

Ba da Ubangiji nake jayayya ba, kada wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban aike ta ba. Ya girmama ɗan Adam, na ji, na yarda. Amma ƙananan matakan nan na tsakiya, wane kan wane, doki kan jaki, gidan wane kan gidan wane, na tsufa ina nema ban ga inda aka saukar da su daga sama ba. Mutane ne suka sassaƙa su da gizago, kuma wanda ya riƙe gizagon bai sassaƙa wa kansa matakin ƙasa ba.

Jan ruwa shi ne gadon gidanmu. Rijiyar zurfi gare ta, in ka jefa tsakuwa sai ka gama salati kafin ka ji ta faɗa ruwa, don haka ba da hannu ake ja ba. An kafa itace biyu masu baki a gefenta, an ɗora gungume a tsakani, igiya na bi ta kansa. Baba ne ke tufka igiyar da kabar da muke yankowa a Gulbi. Bakin igiyar ɗaya na ɗaure da wasaki, babban gugan fatar sa, ɗaya bakin kuma a ɗaura shi a akumarin jaki. Baba na tsaye bakin rijiya, ni ina kora jaka. Ta yi ta tafiya tana nisa, gungume na kuka, har wasaki ya fito yana tsiyaya, Baba ya ce "Tsaya!" ya rungume shi ya juye, ni kuma in juyo da ita. Haka za a yi ta yi tun asuba. Da kaka kowane gida ya ba mu damin gero, ladan shekara ke nan. Jakarmu Aura muke ce mata saboda launinta. Ta san aikin har ba ta jiran a ce ta tsaya, kukan gungumen kawai take saurare. Kofatonta ya haƙa hanya a cikin yashi, doguwa, mai zurfi kamar kwari, yara na ce wa wurin hanyar Aura. Har yau in na farka da asuba kunnena na neman kukan gungumen nan, da ƙarar ruwa in an juye shi a komi, da muryoyin mata suna gaisawa, tulu kusa da tulu. Pampo ba ya kuka irin wannan. Fitsari kawai yake yi cikin roba.

A bakin rijiyar nan ne jerin Kaka ya sauko daga waƙa ya zama doka. Wasakin farko na masallaci ne da gidan Liman. Na biyu na gidan Maigari, sannan a cika wa dokinsa komi, wani dogon doki ja da ɗan Maigari ke jawowa da ragama. Daga nan matan gari su ɗiba, unguwa-unguwa, tulun gidanmu a ƙarshe. Sannan raƙuma in akwai, sai shanu, sai tumaki, sai awaki, jakuna su rufe baya. Doki ya riga matan talakawa, ka ji fa, kuma da na tambayi Kaka yadda dabba ta tsallake mutane sai ta ce ai ba doki ke sha ba, sarautar da ke hawansa ce ke sha. A shekarun yalwa ba wanda ya ga aibin wannan, don na ƙarshe ma yana ƙoshi. Aura na sha da hantsi har cikinta ya yi tulu. Bayan haka Baba na da dabararsa: in ya juye wasaki yakan bar ɗan saura a gindi, ya zuba a wata fasasshiyar ƙwarya, Aura ta tsotsa in ta dawo. Kowa na gani, kowa na kau da kai. Masu magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Miya ta ƙare a shekarar da aka naɗa mini rawani na shiga sahun maza. Damina ta zo ta yi mana ƙarya, gero ya tsiro ya kai gwiwa ya ƙone tsaye. Ta gaba ma ba ta ko yi ƙaryar ba. Abin da na fi tunawa da shi shi ne shirun da ya faɗo wa gari. Turmi ya daina amsa taɓarya da yamma. Zakara babu, an cinye. Kalangu ya yi shiru, 'yan mata suka daina gaɗa. Sai kukan yara, shi ma daga baya ya koma ɗan nishi. Mata suka shiga daji suna tsinkar anza, itacen nan da Kaka ta ajiye a gindin jeri, a jiƙa 'ya'yansa a yi ta canza ruwa har ɗacin ya fita. Aka sussuke ƙarangiya, aka tona gidajen tururuwa aka kwashe hatsin da suka tara. Samari suka bi hanyar Katsina da Jibiya, wasu ba a ƙara jin labarinsu ba. Fulani suka gangaro daga arewa da shanun da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Jakunan gari kuwa, wasu an sayar a kasuwar Cadawa, wasu sun mutu, namu ma suka ƙare sai Aura. Rijiya ta ja baya. Sai a ja wasaki kaɗan a zauna a jira ido ya tattaro, kafin jeri ya kai kan awaki rana ta karkata, abin da ke fitowa kuma ya koma laka.

Aka fita roƙon ruwa bayan gari, aka sake fita, sama ko gezau. Ran nan bayan sallar Juma'a Liman ya tsaya ya yi wa'azi. Tsoho ne mai tsoron Allah, yunwa ta cinye shi kamar kowa, rigarsa na yawo a jikinsa, kuma na tabbata abin da ya faɗa ya yarda da shi har zuci. Ya ce Allah ya jera halittarsa, mu muka yamutsa jerin, yaro ya daina ganin girman babba, bara na haɗa kafaɗa da ubangidansa, har dabbar ƙasa na sa baki a ruwa kafin ta sama, shi ya sa aka riƙe mana ruwa. Ya ce in muna son rahama, kowa ya koma matsayinsa. Wannan shi ne kuskuren da muka yi, kuma ban san wasu mutanen da za su yi irinsa ba sai mu. Lokacin da hankali ya ce a sassauta jeri don kowa ya tsira, mu sai muka ƙara ɗaure shi, muna ganin magani muke yi. Washegari Maigari ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin rijiya don ya tsare jeri da idonsa. Abu na farko da ya yi, ya sa ƙafa ya kife ƙwaryar Aura.

Daga ranar Aura ta koma ja tun asuba har rana ta karkata ba ɗigo a bakinta, in jeri ya zo kanta kuma a juye mata laka ta tsotsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta rame, ƙashin bayanta ya fito, akumari ya ci mata fata. In ta dawo kusa da komi sai ta miƙa wuya, ni kuma in janye ta, ina jin kamar in yi kuka. A gida Inna na rage mata daga tulunmu, amma tulu ɗaya ne, ga sha, ga jiƙon anza. Sai ta koma ba ta ruwan da aka tsame anza a ciki. Ranar farko Aura ta sansana ta kau da kai, saboda ɗaci. Daga baya ta riƙa shanyewa har ta lashi ƙwarya.

Baba mutum ne mai sanyi, bai iya gardama ba, amma ran nan ya daure. Ya durƙusa gaban tabarmar Maigari, Liman na zaune gefe yana jan carbi, ya ce, "Ranka shi daɗe, alfarma nika roƙo. Jakar nan ita ka jawo ruwan da kowa ka sha. A bari ta jiƙa maƙoshi da sahe. In ta hwaɗi ba mu da wata."

Maigari ya ce, "Kai Buzu, kana jin abin da kake hwaɗi kuwa? Jaka ta sa baki ga ruwa gaban doki? Gaban mutane? Ba ka ji wa'azin Malam ba?"

Inna na cikin mata da tulunta, ita kuwa ba ta da sanyin Baba. Ta ɗaga murya ta ce, "Allah shi gafarta Malam, ba kai ka taɓa ce muna wani ya samu rahama don ya shayar da kare ba? Kare ma, da ke ƙasan jaki?"

Carbi ya tsaya a hannun Liman. Can ya ce, "Gaskiya ne, baiwar Allah. Amma ba a ce ya shayar da shi gaban mutane ba. Ku yi haƙuri. Yatsun hannu ma ba daidai suke ba."

Akwai wani Bafillace dattijo da ya sauka da sauran shanunsa kusa da gari, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Ya matso ya ce, "Maigari, ni na bar mata rabon nagge guda. Saniyata ce, ruwana ne, na ba jaka." Maigari ya ce ba a kyautar jeri zuwa ƙasa. In yana so ya bar wa raƙumi ko doki, wannan girmamawa ce, amma ya ɗauko jaka ya ɗora ta a matakin saniya, yamutsin da ake gudu ke nan. Bafillacen ya tofar da yawun da ba shi da shi ya koma wajen shanunsa. Da muka taho gida ina zage-zage, Baba ya ce in rufe masa baki, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. A lokacin na ɗauka tsoron Maigari ne ya sa ya faɗi haka.

Aura ta faɗi da hantsi, a tsakiyar hanyarta, wasakin doki na rabin rijiya. Ƙafafunta na gaba suka lanƙwashe, nauyin ruwa ya fara jan ta da baya cikin yashi. Na faɗa kan igiya, maza suka rugo muka riƙe, muka jawo wasakin da hannu. Baba ya rungume shi ya juyo ya nufi inda take kwance. Maigari bai yi tsawa ba, cewa kawai ya yi, "Na doki ne." Baba ya tsaya. Ina kallon bayansa, ruwa na tsiyaya a kan ƙafafunsa. Sai ya juya ya kai komi ya juye, ɗan Maigari ya jawo doki. Ranar da hannu aka ƙarasa ja, kowa ya kama, Aura na kwance cikin rana ina yi mata inuwa da rigata. Kafin jeri ya zo kan jakuna ta daina numfashi. Duk da haka Baba ya ɗauko wasakin ƙarshe, ya zo ya juye lakar kusa da bakinta, ya ce, "Ga rabonki." Ban yi masa magana ba har washegari, don haushinsa nake ji fiye da na Maigari.

Da safe gari ya taru a bakin rijiya, aka rasa mai ja. Shanu ba sa iya ɗaukar kansu balle igiya. Masu raƙuma sun daɗe da wucewa kudu. Dabba ɗaya ce ta saura da ƙarfi a duk garin, tana tsaye tana kaɗa wutsiya, ta sha dusa ta sha ruwan farko. Bafillacen ya nuna ta da sanda ya ce, "Ga doki." Sai ka ce ya yi saɓo. Wasu suka yi salati, wasu suka yi dariyar yaƙe. Doki da jan guga? Maigari ya ɗaga ido ya bi mutane da kallo, ni kuwa na ga abin da yake yi sarai: tsanin nan yake hawa daga ƙasa, yana neman wanda zai gaji jaki. Bai yi nisa ba ya same mu, kusa da ƙofa, inda Kaka ta ce. Ya ce, "Buzu, jan ruwa ai gadonku ne."

Haka muka ɗauki igiya, ni da Baba. Muka naɗe tsumma a kafaɗa, muka ratayo ta a ƙirji, muka shiga hanyar Aura. Wani maƙwabcinmu ya karɓi juye wasaki, shi ke ce mana "Tsaya!" Yashi na ƙuna, cikinmu ba komai sai anza, kaba na yanka fata, tabon na nan a kafaɗata har yau. Maganar sha kuwa, ba wanda ya zauna ya yanke mana hukunci. Tulun gidanmu na nan a ƙarshen na mutane, Inna na cikawa ta kai gida. Amma mai ja ba ya sakin igiya sai dabbar ƙarshe ta sha, kuma Baba ya hana Inna ta kawo mana ko kurɓi a kan hanya, ya ce kada a ce mai ja ya sha gaban jeri. Ni ina satar kurɓa in ya juya baya, Inna na ɓoyo mini a 'yar buta. Shi ko sau ɗaya. Sai rana ta karkata, a lokacin da Aura ke sha, ya zauna ya tace laka da gefen rawani, ya tura ƙoƙo ƙarƙashin amawali ya sha, don Buzu ba ya buɗe bakinsa gaban manya.

Ba mu daɗe a haka ba. Wata safiya da hantsi, kusa da inda Aura ta faɗi, na ji igiya ta yi mini nauyi gaba ɗaya. Na waiwaya na ga Baba a durƙushe, sannan ya kife. Na dage na ƙarasa jan ni kaɗai, ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ruga na fizge wasakin daga hannun maƙwabcinmu. Na doki ne, na sani, ɗan Maigari na tsaye da ragama yana jira. Na dubi Maigari ido cikin ido, na rantse a zuciyata in ya buɗe baki sai dai a yi wadda za a yi. Bai buɗe ba. Ya sunkuyar da kai. Na kai ruwan wurin Baba, na ɗago kansa na ɗora a cinyata, na sa hannu na janye amawalinsa gaban gari duka. Leɓɓansa sun tsage sun yi fari. Na ce, "Baba, sha."

Ya buɗe ido ya dubi wasakin, ya ce, "Na wa ne?"

Na ce, "Naka ne. Kai ka jawo shi."

Ya ce, "Kai ma doki ruwanshi. Jeri bai zo ba. Kada a ce mu munka hana ma mutane ruwan sama."

Liman ya taso da gudu irin na tsofaffi, ya durƙusa, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Sha, bawan Allah! Kai ɗan Adam ne, ba da kai nike ba! Sha, na ɗauki alhakin!"

Baba ya ce, "Allah shi gafarta Malam, kai ka ce kowa shi koma matsayinshi." Ya ɗaga hannu da ƙyar, ya kamo amawali, ya ja ya rufe bakinsa.

A nan na gane ba tsoron Maigari yake ji ba. Ya yarda ne. Sun karanta masa jerin tun yana goye, kamar yadda Kaka ta karanta mini, har ya shiga ƙashinsa, ya zama shi ke tsare kansa da kansa. Na yi ta roƙo, na yi ta zagi, na zuba masa ruwan a fuska, ya jiƙa rawani ya gangara cikin yashi. Abin da ya saura maƙwabcinmu ya ɗauka ya juye a komi. Aka kai Baba gida a kan ƙyaure. Da rana ta karkata ya tambayi Inna ko awaki sun sha, ta ce sun sha, sannan ya karɓi ƙoƙo. Ya kurɓa kaɗan, amma jikin ya riga ya ƙi. Bai ƙara tashi ba, kafin Juma'a ta zagayo muka binne shi.

Bayan rasuwarsa matasan da suka saura suka riƙa karɓa-karɓa a igiya, har da 'ya'yan manya, tunda ƙishirwa ba ta san gado ba. Ashe ana iyawa. Ashe tun farko ana iyawa. Sannan damina ta zo, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kwaɗi suka cika dare da kuka. Ka san abin da aka ce a masallaci da dandali? Aka ce kun gani, mun tsare jeri, Allah ya dube mu. Na ji wannan da kunnena, ina tsaye, ƙasar kabarin ubana ba ta gama kwantawa ba. Liman kaɗai ne bai ce haka ba. Bai ƙara wa'azin jeri ba har ya bar duniya, kuma in mun haɗu a hanya shi ke fara gaishe ni. Ban taɓa sanin ko na yafe masa ba.

Yau gari ya canza, yaran da ke yawo da salula ba su san mene ne wasaki ba. Jikokina na lakol tare da jikokin Maigari, benci ɗaya, wannan kam na gode wa Allah. Amma kada a ruɗe ni, tsanin na nan, fenti aka sake masa. Jeka buro, ofishin gwamnati, ka ga wanda ake ba kujera da wanda ake bari a rana. Bari maganar aure ta taso ka ji yadda ake tono kakan kakan mutum. Jaki ma an ce ya yi daraja yanzu, ana loda su a mota a yi kudu da su, ba don aikinsa ba, don fatarsa. Ni dai ina da ɗan jakina da ke ja mini amalanke, kuma kowace safiya shi ke fara sha a gidana kafin in kai ƙoƙo bakina. Surukaina na dariya suna cewa tsufa ne. Su yi ta yi. Ture-turen bakin pampo da ake kira hauka kuwa, na fi son sa sau dubu, don ban taɓa ganin wanda ya koma gida da laka ba.

Jiya na koma gindin gawo. Ɗan Maigari ya matsa mini a tabarma ya ce, "Ran nan ka tashi ba sallama. Lahiya?"

Na ce, "Ka ce da can kowa ya san matsayinshi. Gaskiya ka hwaɗi. Ubana ya san nashi."

Ya daɗe yana kallon murfin simintin can, inda hanyar Aura ta fara, yanzu yashi ya cike ta. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni ke riƙe da dokin ran da ubanka ya hwaɗi."

Na ce, "Na sani. Dokin ya sha kaɗan ya bar saura."